Auren da Aka Ɗaura Mini Ina Cikin Aji

Assalamu alaikum, masu karatu. Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙarƙashin shafin nan tana tambaya ko Lurwanu ne namiji na farko da aka ambaci sunansa tare da nawa a gaban malamai. Kwana uku na yi ina kewaya tambayar. Yau zan amsa, kuma ina roƙon ku da ku rage dariya, domin ko da yake shekaru sun ja, har yanzu idan na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi.

Ga wanda ya shigo yau: sunana Zaliha. A ƙarshen shekarar 1986 ina koyarwa a makarantar Babankatami, cikin ƙasar Buza, ina zaune da mahaifiyata, Inna Tabawa. Mahaifina, Malam Ali, ya rasu, saboda haka ƙanensa Baba Halidu ne waliyyina. Lurwanu kuwa ma'aikacin kiwon lafiyar dabbobi ne a Madawa. Danginsa sun riga sun kawo goro, an tsayar da magana cewa za a ɗaura aure kafin azumi. Wasiƙunsa a kamyon albasa suke zuwa, wato babbar motar kaya, har na kai ga idan na ji warin albasa gabana yakan faɗi.

A lokacin nan tele, wato talabijin, guda ce a garin, a ƙofar gidan Samariya, ƙungiyar matasa, tana shan wuta daga wani faranti da ke fuskantar rana. Ranar Asabar bayan magariba kowa yakan ɗauko tabarmarsa.

Sai ga mota daga Yamai da mutum biyar da kamara, shugabansu Mushe Mutari (Mushe shi ne Malam a Faransanci), siririn mutum mai gilashi, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Sun zo shirya wasa kashi goma sha biyu mai suna "Fako Ya Yi Tsiro". Labarin wani saurayi ne da ya ƙi tafiya cin rani, ya tsaya yana jera duwatsu a kan fako domin tare ruwan sama, har malamar makaranta ta gan shi ta aure shi. Manufar a fili take: samari su zauna gida, a raya ƙasa, a sa ƴaƴa mata makaranta. Mutari yakan ce, "Mutane ba su zama kallon dutse. Amma in an sa soyayya a kan dutsen, sai su haɗiye shi."

Saurayin wasan shi ne Mato, manomi ɗan garinmu, wanda ya saba ba mutane dariya a wasannin Samariya. Malamar kuwa, takarda ta zo daga sufeton makarantu cewa ni ce. Ban so ba. Amma a ajina yara arba'in da biyu ne, mata shida kacal, kuma na yi tunanin ko wasan zai ƙara mini ko da uku. Na kafa sharuɗɗa: ba a taɓa ni, ba na cire lulluɓina, kuma ba a ɗauka lokacin salla. Na rubuta wa Lurwanu, ya amsa da layi biyu: "Na yarda. Amma kada ki yi masa irin murmushin da kike yi mini."

Aikina na biyu shi ne juya takardun wasan. Da Faransanci suke zuwa, da hatimin wani ofis na Yamai a kowane shafi, ni kuma in mayar da su Hausar Adar. Da aka ga mutanen gari suna manta sunayen wasa, Mutari ya ce kowa ya riƙe nasa. "Haka ma ya fi kama da gaskiya," in ji shi. Ku riƙe wannan maganar.

Ranar da za a ɗauki ɗaurin aure, motar da za ta kawo ƴan wasa biyu, mai fitowa a liman da mai fitowa a uba, ta lalace a hanya. Ni ban ma san ana ciki ba, tunda amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aure. Ina gaban allo da alli a hannu ina fama da lissafin rabawa, sai Baba Halidu ya leƙo ta taga.

"Zaliha, mutanen tele sun ce in ba da ke ga Mato. Kin yarda?"

"Baba, yi duk abin da suka ce," na amsa, ko juyowa ban yi ba.

Ya Allah. Da na juyo!

Limamin garinmu ya yi tafiya zuwa garin Tawa, sai aka ɗauko na'ibinsa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka sayo goro, Mato ya jawo tunkiyarsa fara mai baƙin kunne a matsayin sadaki. Mutari ya ce musu, "Ku yi yadda kuka saba, kada ku rage komai." Ba su rage ba. Baba Halidu ya ce ya ba da Zaliha ɗiyar Ali, wakilin Mato ya ce ya karɓa, mutum talatin suka shaida, aka shafa fatiha. Da aka watse, Baba Halidu ya kama igiyar tunkiya ya yi gida da ita.

Bayan wata biyu aka nuna wannan kashi. Ina zaune a bayan mata, sanye da zanen atamfa mai ganyen kore da Lurwanu ya aiko mini, sai na ji sunan mahaifina ya fito daga bakin akwatin. Mata suka rangaɗa guɗa. Inna ba ta yi ba. Ta juyo ta dube ni, ta ce a hankali, "Wanga ba na'ibi ne ba? Wancan ba Halidu ne ba? Zaliha, mi anka yi?"

Ranar Talata wasiƙa ta zo a kamyon albasa. Zan kawo muku ita yadda take, domin har yanzu tana cikin akwatina:

"Zaliha, mun kalla a Madawa. Gwaggo Jima ta tashi tsaye a tsakiyar jama'a ta ce an cuce mu. Ta san na'ibin ku, ta san Baba Halidu. Ta ce ba ta neman wa ɗanta matar wani. Na ce wasa ne, ta ce fatihar ma wasa ce? Ta ba da wa'adi: in watan azumi ya tsaya ba a warware ba, za ta aiko a karɓi goronmu. Ni ban canza ba. Amma ita ta rene ni, kin sani."

Washegari muka tafi zauren Liman, ni da Inna da Baba Halidu. Na zauna daga bakin ƙofa na ja lulluɓi. Na shirya hujjojina tun daga gida, ɗaya bayan ɗaya, kamar darasi.

"Allah gafarta Malam, kowa ya san wasa ne."

"Ɗiyata, aure da saki ba su cikin abin da aka wasa da shi. Waliyyi na gaske ne?"

"Na gaske ne."

"Shaidu fa?"

"Amma, Malam, ba a nemi izinina ba. Baba Halidu ba mahaifina ne ba, ba ya da ikon ba da ni sai na yarda."

Liman ya gyaɗa kai, har na ga alamar ya ji daɗin na san wannan. Sai ya juya. "Halidu, ka tambaye ta?"

"Awo, na tambaye ta. Tac ce in yi dut abin da sunka ce."

Na ji kamar in shige cikin tabarma.

"To sadakin yana ina?"

Baba Halidu ya soma sosa gemu. "Tana gida. Ta ma haihu shekaranjiya."

Inna ta ce, "Halidu, ka ji tsoron Allah! Kai ka san wasa ne, kak kwashi tunkiyar mutane?"

"To ni an ce kada a rage komi!"

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce shi ba zai rantse cewa auren ya ɗauru ba, kuma ba zai rantse cewa bai ɗauru ba, amma ba zai ɗaura wani a kan shakka ba. Maganin kuwa mai sauƙi ne: Mato ya furta saki a gaban shaidu. Tunda ban tare ba, babu idda, sai a mayar masa da rabin sadaki.

"Rabin tunkiya?" in ji Baba Halidu. "Ta wane gefe?"

Na fito da sanyin zuciya, ina cewa kalma uku ce kawai, kafin la'asar an gama. Ban san ranar ce Mutari ya dawo ɗaukar kashi huɗu na ƙarshe ba.

A ajina ya same ni bayan an tashi yara, da jaka cike da wasiƙu. Ya zazzage su a kan tebur: daga Keita, daga Ibohamane, daga Azarori, har daga Damagaram. Ya ce a wani ƙauye samari bakwai sun fasa tafiya sun shiga jeran dutse. Ya ce manya sun yaba.

"Madamazel, ba ki gane ba? Labari ya bazu cewa auren na gaske ne, shi ya sa mutane suka yarda da wasan. In aka ji gobe cewa malama ta ƙi manomi ta bi ma'aikaci mai albashi, me ya rage? Ki yi haƙuri har a gama nunawa."

"Yaushe ke nan?"

"Har da maimaitawa, sai bayan babbar salla. Ko kaɗan bayanta."

"Mushe Mutari, wa'adina azumi ne."

"Ƙasa tana da bukata."

"Ƙasa ce za ta je Madawa ta yi wa Gwaggo Jima bayani?"

Ya cire gilashi ya goge. Ya ce shi ba mai barazana ne ba, amma in tuna ni ma'aikaciya ce, kuma akwai makarantu a can arewa mai nisa da ke neman malamai. Na ce masa na gode da tunatarwa. Allah Ya sani, abin da ke bakina ba godiya ba ce, amma an koya mini haɗiye irinsa.

Na aika a kira Mato, bai zo ba. Na sake aikawa, aka ce ya tafi gona. Rana ta uku, bayan la'asar, na ɗauki Inna muka bi shi. Gonar tana kan tudu, jan fako ne da ko akuya ba ta tsayawa a kansa a da. Yanzu layukan duwatsu sun zagaye shi kamar an ja su da zare. Na ɗauka don kamara ya jera layi biyu ko uku. Na ƙirga goma sha tara.

Ya ajiye dutsen da ke kafaɗarsa ya durƙusa ya gaida Inna.

"Mato, me ya sa kake gudu na?"

"Ba gudu ne ba, Malama. Kunya ce."

"Kalma uku nake nema."

Ya kalli hannuwansa, duk sun tsattsage. "Malama, tun ina yaro, in na shiga taro dariya aka yi tun ban buɗe baki ba. Yanzu tsofaffi na kirana su tambaye ni yadda aka auna gangare. Mutari ya ce in na sake ki, a koma ce mini Mato mai ban dariya, wanda ya yi mafarkin malama. Na san ke ba tawa ce ba. Wallahi ban taɓa sa rai ba. Amma in an ce dut ƙarya ne, har dutsen ma ƙarya ya zama."

Na zo da fushi cike da ciki, sai na rasa inda zan ajiye shi. Wannan ne ya fi ba ni haushi, masu karatu: duk wanda na je in yi wa faɗa sai in tarar yana da ƴar gaskiyarsa.

A gida, bayan sallar magariba, na buɗe takardun kashi na tara. Akwai wurin da miji da mata suke saɓani, shi yana cewa zai tafi Abijan, ita tana hana shi. Na riƙe alƙalami. Ni ke juya maganar, Mato ba ya karatu, abin da na karanta masa shi yake haddacewa. Da na saka "na sake ki" a tsakiyar faɗan, zai faɗa a gaban mutane bai ankara ba, kuma hukuncin da ya ɗaure ni shi zai kwance ni. Ba zan ɓoye muku ba, na rubuta. Na daɗe ina kallon rubutun. Sai na tuna cewa ni ma abin da aka yi mini ke nan: an yi amfani da bakina ina kallon wani wuri. Na soke layin, na yi istigfari.

Da safe na tara Mutari da Mato a inuwar itacen makaranta, na faɗa musu a fili.

"A gaban kamara aka ɗaura, a gaban kamara za a kwance. Mato zai sake ni a kashi na tara, da saninsa. A kashi na sha biyu ku sake ɗaura auren wasa, da limamin ƙarya mai gemun auduga da uban ƙarya, kuma da sunan da ba nawa ba. Masu kallo za su yi sati uku ba su yi barci ba. Mushe Mutari, kai ne ka ce ba a zama kallon dutse."

Idon Mutari ya yi haske, sannan ya mutu. "Ofis ba ya yarda da saki a wasa. Iyali abin koyi ba ya rabuwa."

"To ku nemi wata malamar. Ni dai ba zan sake tsayawa ina kiran wani mijina a gaban ƙasa ba, alhali ban san ko gaskiya nake faɗa ko ƙarya ba. Makarantar arewa kuma, a can ma yara ne."

Mutari ya zagaya itacen sau biyu. Ya ce za a ɗauka, sauran kuma sai abin da Yamai ta ce. Mato ya tashi ya tafi.

Ranar Alhamis da hantsi aka kafa kamara a gonar. Na sa farin lulluɓi da zane mai ruwan toka, domin ban ga dalilin ado ba. Rabin gari ya hau tudun. Abin da ba a taɓa gani ba, Liman da kansa ya zo, aka shimfiɗa masa buzu a bayan mai kamara, dattawa biyu a gefensa. Baba Halidu ya tsaya can nesa, ba tunkiya.

Na faɗi nawa layin. Saura Mato. Ya tsaya da dutse a hannu yana kallon ƙasa. Shiru ya yi tsawo har na ji kukan kurciya daga kwari. Mutari yana ta murza hannu yana raɗa, "Kaset na ci! Kaset na ci!" Ni kuwa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Mato ya ɗago. Bai faɗi abin da na rubuta ba.

"Zaliha ɗiyar Ali, na sake ki saki ɗaya. Ba don kin yi mini laifi ba. Ki tahi inda zuciyarki take, Allah Shi ba ki zaman lahiya." Ya juya ya dubi kamara kai tsaye, abin da aka hana shi tun ranar farko. "Ku kuma masu kallo, in don mace kuka jeran dutse, ku bari. Ni gonag ga ba ni barin ta. Da malama da ba malama, ruwa na tsayawa."

Ya sunkuya ya ajiye dutsen a layinsa.

Babu wanda ya yi dariya. Liman ya ce, "Mun shaida," da ƙarfi, har ya shiga cikin kaset. Na ga Mutari ya cire gilashi, wannan karon ba ƙura yake gogewa ba. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ɗaukar abu irin wannan ba. Inna ta kama hannuna ta matse. A hanyar gida Mato ya aiko a gaya wa Baba Halidu ya riƙe tunkiyar ya ba shi ɗanta, magana ta ƙare. Baba Halidu ya ce zai yi shawara.

A ranar na rubuta wa Lurwanu, na haɗa da takardar Liman da ajami, da sunayen shaidu. Na yi sujadar godiya. Na ci tuwo har da ƙari.

Amsa ta zo ranar Talata, saura kwana goma sha takwas a ga wata. Na buɗe ta a tsaye a tsakar gida, warin albasa yana tashi.

"Zaliha, alhamdu lillahi. Na karanta wa Gwaggo takardar Liman sau biyu. Ta ce ba ta ƙaryata malami ba. Amma ta ce duk Madawa da idonsu suka ga an ɗaura, ba a takarda suka ji ba. Ta ce ranar da ta ga sakin a cikin tele, a wurin da ta ga auren, da maƙwabtanta zaune, ranar za ta sa a fara daka hatsin biki. Kafin nan, a'a. Yaushe za a nuna?"

Na fita ko lulluɓi ban gyara ba. Motar mutanen Yamai tana ƙofar gidan Samariya, an gama ɗaure kaya. Na miƙa wa Mutari wasiƙar ta taga. Ya karanta, ya dubi akwatin ƙarfen da ke kan cinyarsa, wanda kaset ɗin ke ciki.

"Kashi na tara Asabar biyu masu zuwa ne," ya ce. "Kafin azumi da kwana bakwai."

"To alhamdu lillahi."

"Madamazel." Ya ƙi haɗa ido da ni. "Sai ya bi ta ofis tukuna. Mutum uku ne suke kallo, da almakashi a kan tebur. Ban taɓa ganin sun bar saki ya wuce ba."

Direba ya tayar da mota. Na tsaya a tsakiyar hanya da wasiƙa a hannu, sakakkiya a wurin Allah, sakakkiya a wurin Liman, matar Mato a duk inda akwai tele. Daga bayan katangar Baba Halidu kuwa sadakina yana ta kuka, yana neman ɗansa da aka kai wa Mato.